Sunan Yanka da Laƙabi a Jikin Na'ura: Daga Gbakar Adjamé zuwa Motocin Binciken Duniyar Mars

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe mutum yana da suna iri biyu. Akwai sunan yanka, wanda ake raɗa wa jariri ranar bakwai, liman ya yi addu'a, a yanka rago, maroƙi ya sanar da jama'a. Akwai kuma laƙabi, wanda ba a tara kowa dominsa, ba a kuma san ranar da aka fara kiransa ba, irin su Tanko da Ɗanjuma da Dogo da Maikuɗi. Sau da yawa laƙabi kan danne sunan yanka har sai ranar ɗaurin aure ko ranar jana'iza ake tunawa da shi.

Wannan takarda za ta bi tarihin yadda wannan tsari ya ratsa zuwa jikin na'ura. An ɗauko misalai daga wurare biyu masu nisa da juna. Na farko shi ne unguwannin Adjamé da Treichville na birnin Abijan a ƙasar Kwaddibuwa, inda Hausawa 'yan kasuwa da 'yan cirani suka daɗe da zama. Na biyu shi ne ƙananan motocin nan marasa direba da ake saukewa a kan wata ko duniyar Mars, a riƙa tuƙa su daga nan ƙasa ta hanyar saƙon rediyo, waɗanda za a kira motocin bincike. Abin da ake son ɗalibi ya lura da shi shi ne irin na'urar da ke samun laƙabi, da yadda laƙabi ke buɗe ƙofar abin da masana adabin Hausa irin su Abdulƙadir Ɗangambo suka kira mutuntarwa, da kuma wanda ke yin hasarar sunansa idan hakan ta faru.

2.0 Unguwannin baƙi

Abijan gari ne da layin dogo ya haifa. A shekarar 1904 Faransawa suka fara shimfiɗa layin da suka raɗa wa suna Abijan-Nijar, ya kai Bouaké a 1912, ya kai Bobo-Dioulasso a 1934, ya tsaya a Wagadugu a 1954. Har yau bai taka ƙasar Nijar ba, sunan yanka ne kawai ya isa can. A 1934 garin ya zama hedikwatar mulkin mallaka. Turawa suka zauna a tudun Plateau, aka tura baƙar fata gefe biyu: Adjamé daga arewa, a bayan barikokin soja, da Treichville daga kudu, a ƙetaren ruwa. Kafin wannan shekara Anoumabo ake kiran wurin, sunan ƙauyen 'yan ƙabilar Ebrié. Sai hukuma ta sake masa suna domin tunawa da Marcel Treich-Laplène, Bafaranshen da ya rasu a 1890. Titunan sabuwar unguwar kuwa lambobi aka ba su, kamar Avenue 16 da Rue 12.

Da aka buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, manyan jiragen ruwa suka samu shiga, sai 'yan cirani suka kwararo daga ƙasashen da a yau ake kira Mali da Burkina Faso da Nijar da Nijeriya. Wannan jama'a ba ta tsaya ga lambobin hukuma ba. A Treichville akwai shiyyar da ake kira Biafra da wadda ake kira Apollo, a Adjamé akwai Dallas, akwai kuma tashar da ake kira Renault. Labarun duniya da finafinai da sunayen kamfanoni su ne rumbun da ake ɗebo laƙabi daga ciki.

Mafi kyawun shaida a kan wannan ɗabi'a shi ne fim ɗin Moi, un noir na Jean Rouch, wanda ya fito a 1958. A Treichville aka ɗauke shi, kuma samarin da suka fito a ciki 'yan ciranin Nijar ne masu aikin dako da tuƙi. Kowannensu ya ari sunan wani tauraron fim. Oumarou Ganda, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indocin ya dawo yana dako a tashar jiragen ruwa, ya zama Edward G. Robinson. Wani ya zama Eddie Constantine, direban tasi ya zama Tarzan. Mutumin da bai mallaki komai ba a garin baƙunta ya mallaki ikon zaɓar sunan da za a kira shi. Wani fim ɗin na Rouch, mai suna Jaguar, ya nuna ɗaya fuskar: a ƙasar Gwalkwas ta shekarun 1950, saurayi ɗan gaye shi ake kira da sunan motar nan ta Ingila. Ke nan tun wancan lokaci suna yana kai da komowa tsakanin mutum da mota.

3.0 Motar haya da sunayenta

A watan Disamba na 1960 aka kafa kamfanin SOTRA, aka ba shi ikon jigilar fasinja a cikin Abijan shi kaɗai. Bas ɗin SOTRA lamba gare ta, da lambar layinta ake neman ta a tasha. Motocin da suka rayu a gefen wannan doka, na masu ƙaramin jari, su ne suka tara sunaye.

Misali mafi daɗi ga ɗalibin Hausa shi ne wôrô-wôrô, wato tasin da ake haɗa fasinja. A yaren Jula, wanda shi ne harshen kasuwa da na tasha a Adjamé, wɔɔrɔ na nufin shida. Bajule kuwa yana ƙirga kuɗi ne biyar-biyar, daidai da yadda Bahaushen Maraɗi ko Damagaram ke kiran faran 5 dala ɗaya. Shida sau biyar talatin, saboda haka sunan yana nufin kowa ya biya dala shida, wato faran 30, kuɗin mota na wancan zamani. Kuɗin ya ninka sau da yawa, sunan bai motsa ba. A kula kada a rikita wannan kalma da woro, wadda ke nufin goro, abin da ya fara kai fataken Hausa waɗannan dazuzzuka tun kafin zuwan Turawa.

Sai kuma gbaka, ƙaramar bas mai ɗaukar mutum ashirin ko kusa da haka. Kakanta ita ce motar Renault da ake kira mille kilos, wato kilo dubu, saboda nauyin da take ɗauka. Bayanta aka yi yayin Saviem wadda ake kira badjan. A shekarun 1970 hukuma ta hana gbaka shiga tsakiyar gari, aka bar mata hanyoyin da ke fita daga Adjamé zuwa unguwannin bayan gari irin su Abobo da garuruwan kusa irin su Anyama da Bingerville. Wannan hani shi ya mayar da Adjamé gidan gbaka. A cikin waɗannan shekaru ne mawaƙi Daouda Koné ya yi suna da waƙarsa a kan gbakokin Abijan. Bayan karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, da sassauta dokar shigo da tsofaffin motoci da ya biyo baya, sai aka samu sabon laƙabi, France au revoir, wato motar da ta yi ban kwana da Faransa. Bahaushen Nijeriya ya kira irin wannan mota 'yar Kwatano ko Beljiyam, ya dubi hanyar da ta biyo. Mutumin Abijan ya sa mata baki, ita ce ke cewa sai wata rana. Wannan mutuntarwa ce cikakkiya a cikin kalmomi uku.

Bayan sunan jinsi, gbaka ɗaya ɗaya kan samu nata kirari a rubuce a goshi ko a ƙeya, wani lokaci da hoton ɗan ƙwallo ko mawaƙi, kamar yadda motocin Kano da Katsina ke ɗauke da "Hassada ga mai rabo taki". Dalilin bambancin da ke tsakaninta da bas ɗin kamfani a fili yake. Direban kamfani albashi yake jira a ƙarshen wata, ko wace bas aka ba shi. Direban gbaka kuwa idan ta ƙi tashi da asuba, ranar tukunyar gidansa ba za ta hau murhu ba. Ya san tarinta, ya san gangaren da take so da hawan da take ƙi.

4.0 Afolo

Shekarar 1969 ce ta fara haɗa wannan duniya ta tasha da binciken sararin samaniya. A ranar 20 ga Yuli kumbon Apollo 11 ya sauke mutane biyu a kan wata. A daidai wannan damina wani ciwon ido mai saurin yaɗuwa ya ɓulla a Gana, ya bi gaɓar teku ya shiga Kwaddibuwa da Nijeriya. Jama'a suka haɗa biyun, har aka riƙa cewa ƙurar wata ce aka kwaso. Daga baya masana a Japan suka gano ƙwayar cutar, aka ba ta sunan yanka enterovirus 70, amma daga Abijan har Kano ba wanda ke kiran ciwon da wani suna sai Apollo ko Afolo. A ƙasar Hausa Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon waƙa sukutum, kamar yadda yake yi wa sarakuna da attajirai. Ita kanta kalmar kumbo aro ce daga cikin gida, domin sunan mazubi ne tun kafin a san da jirgin sama.

Shekara guda bayan haka, ranar 17 ga Nuwamba 1970, Tarayyar Sobiyat ta sauke motar bincike ta farko a tarihi a kan wata. Sunanta Lunokhod 1, wato mai tafiya a kan wata, lamba ɗaya. Ƙafafunta takwas, ta yi kusan wata goma tana aiki, ta ci kimanin kilomita 10. Irin sunan bas ɗin SOTRA ne, aiki da lamba.

5.0 Ranar sunan motocin Mars

Hukumar NASA ta Amurka ce ta mayar da raɗin sunan motar bincike biki. A 1995 aka yi gasa tsakanin 'yan makaranta, wata yarinya 'yar shekara 12, Valerie Ambroise, ta yi nasara da sunan Sojourner. An ɗauko shi daga Sojourner Truth, baiwar da ta samu 'yanci ta zama mai yaƙi da bauta. Abin sha'awa, ita ma ba sunan yankanta ba ne: Isabella aka raɗa mata, a 1843 ta zaɓa wa kanta wannan suna mai ma'anar baƙo mai wucewa. Motar ta sauka a Mars tare da kumbon Pathfinder ranar 4 ga Yuli 1997. Nauyinta bai kai kilo 11 ba, an tsara ta yi kwana 7, ta yi 83. Daga cikin ma'aikatan wannan shiri akwai Cheick Modibo Diarra, ɗan ƙasar Mali, wanda aikin ya ɗaukaka sunansa a ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da Faransanci, kuma daga baya ya riƙe muƙamin firayim ministan Mali a 2012.

Haka aka ci gaba. Tagwayen da suka sauka a watan Janairu na 2004, a takardun injiniyoyi MER-A da MER-B ne. Sofi Collis, 'yar shekara 9, marainiyar da aka haifa a Sibiriya aka goye ta a Amurka, ita ta raɗa musu Spirit da Opportunity, wato himma da dama. Clara Ma ta raɗa wa ta 2012 suna Curiosity, son sani. Alexander Mather ya raɗa wa ta 2021 suna Perseverance, naci ko juriya. Duk sunayen ɗabi'u ne na ɗan Adam, irin Haƙuri da Nasara da Sa'a a wurin Bahaushe. Sin ta bi wata hanya, ta koma ga tatsuniya: ta 2013 sunanta Yutu, zomon da almararsu ta ce yana zaune a cikin wata, ta 2021 kuma Zhurong, sunan ubangijin wuta a tsohon addininsu. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yi irin na Bahaushe mai mayar da sunan kaka, ta kira tata Rashid, sunan marigayi sarkin Dubai. Sai dai kumbon da ya ɗauke ta ya faɗi a kan wata a watan Afrilu na 2023.

Duk waɗannan sunayen yanka ne, an tara jama'a, an sanar. Laƙabi daga ɗakin aiki ya fito. Opportunity ta zama Oppy, Perseverance ta zama Percy, ɗan jirgin nan mai saukar ungulu da ya raka ta, Ingenuity, ya zama Ginny. Yanke suna ne irin na gida, kamar yadda Abubakar ke zama Habu, Fatima ta zama Fati. Kumbunan da ke kewaya Mars daga sama, waɗanda su ne ke isar da yawancin saƙonnin motocin zuwa ƙasa, da haruffa ake kiran wasunsu, kamar MRO, ba a yi musu laƙabi ba. Ba su da ƙafar da za ta kafe a cikin yashi.

6.0 Daga laƙabi zuwa mutuntarwa

A nan ɗalibi yana buƙatar kula ta musamman, domin Hausa da Ingilishi sun bambanta. Ingilishi yana da lamiri na dabam domin abu marar rai. Saboda haka da injiniyan NASA ya bar wannan lamiri ya kira Opportunity da lamirin mace, mai sauraro ya san an ɗaga darajarta. Hausa ba ta da wannan zaɓi, kowane suna tilo ko namiji ne ko tamace: mota ta tafi, kumbo ya tashi. Har ma "mota ta mutu" da "inji ya gaji" maganganu ne na yau da kullum a bakin makaniki, ba wanda ke jin su a matsayin adon harshe. Mai fassara labarin zuwa Hausa wanda ya dogara ga "ta" kaɗai, ya zubar da abin da ke cikin asalin maganar. Dole ya nemi mutuntarwa a wani wuri, a cikin aikatau da ke buƙatar zuciya, kamar ta daure, ta yi kewa, ta yi ban kwana, ko kuma a cikin lamirin mai magana, inda na'ura ke cewa "ni".

Tarihin Spirit ya nuna yadda abin ke ginuwa. Kwana 90 na Mars aka tsara wa tagwayen. Yinin Mars ya fi na ƙasa da kusan minti 40, saboda haka a watannin farko ma'aikata sun bar agogon ƙasa suka bi na motar, lokacin barcinsu yana gusawa kullum. A watan Maris na 2006 ƙafar Spirit ta gaba ta hannun dama ta daina juyawa, aka koma tuƙa ta da baya tana jan ƙafar. A 2007 wannan gurguwar ƙafa ta turɓuɗe ƙasa ta tono wani farin ma'adini da ya zama shaidar cewa an taɓa yin ruwa mai zafi a wurin, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ta gano. Wata masaniyar zamantakewa, Janet Vertesi, wadda ta zauna da ma'aikatan ta fitar da littafi a 2015, ta ruwaito cewa suna cewa "mu" idan suna nufin motar, kuma suna kwatanta motsinta da jikinsu, tafin hannu a matsayin kyamara, hannuwa a shimfiɗe a matsayin faifan hasken rana. Wannan ba shi da nisa da direban gbaka mai karkata jikinsa idan motarsa na hawan tudu.

Mutuntarwa tana da amfani har a wajen kuɗi. A watan Maris na 2008 hedikwatar NASA ta ba da umurnin rage dalar Amurka miliyan 4 daga kasafin shirin, abin da zai sa a dakatar da Spirit. Labarin ya fita a matsayin za a kashe gurguwar da ta yi shekara huɗu tana bauta, jama'a suka yi ca, cikin kwana guda aka janye umurnin. Da MER-A kawai aka sani, da wuya a samu masu kuka. Spirit ta kafe a cikin yashi a 2009, aka ji ta na ƙarshe ranar 22 ga Maris 2010.

Oppy ta kai har 10 ga Yuni 2018, lokacin da guguwar ƙura ta rufe rana, bayan ta ci kilomita 45. An aika mata saƙo fiye da 1,000 ba amsa, aka rufe shirin ranar 13 ga Fabrairu 2019. A lokacin ne wata magana ta zagaya duniya a matsayin wasiyyarta, cewa batirinta ya yi ƙasa kuma duhu na rufowa. Motar ba ta faɗi haka ba. Alƙaluma ta aiko, na ƙarfin wuta da na kaurin ƙura, wani ɗan jarida mai suna Jacob Margolis ya juya bayanin da masana suka yi masa zuwa jimla ɗaya, kuma shi da kansa ya fito ya bayyana hakan. Duk da haka jimlar ce aka riƙe. Irin wannan ya faru a Sin a watan Janairu na 2014, inda wani shafin intanet ya riƙa magana da bakin Yutu bayan ta samu matsala, dubban mutane suka yi ta jajanta wa zomo.

7.0 Wanda ya rasa sunansa

Mutuntarwa tana da 'yar'uwa a cikin jinsarwa, wato dabbantarwa, kuma sau da yawa a wuri ɗaya ake samun su. Bahaushen da ya yi wa motarsa kirari shi ne ya kira yaron da ke wanke ta, yake kwana a ƙarƙashinta, karen mota, har Ɗanmaraya Jos ya yi waƙa a kan rayuwarsa. A Adjamé wannan yaro apprenti ne, mai rataye a ƙofar gbaka yana kiran Abobo ko Yopougon. Fasinja ya san kirarin motar, ya san hoton da ke ƙeyarta, yaron kuwa da sunan aikinsa ake kiransa har a sauka.

Haka abin yake a can sama. Lunokhod 1 ayarin mutum biyar-biyar ne ke tuƙa ta daga wata cibiya a yankin Kirimiya, dukkansu hafsoshin soja, kuma an yi shekaru ana ɓoye sunayensu alhali hoton motar yana kan kan-sarki. A Amurka ba a ɓoye kowa ba, amma da shafukan NASA suka fara magana da bakin na'ura, tun daga kumbon Phoenix a 2008, sai "ni" ɗin motar ta haɗiye ɗaruruwan mutanen da ke tsara kowane taku nata. Ranar 5 ga Agusta 2013 aka ba da labarin cewa Curiosity ta rera wa kanta waƙar zagayowar ranar saukarta, ita kaɗai a cikin hamada, mutane suka tausaya mata. Injiniyoyi ne suka tsara wa wata na'urar girgiza ƙasa da ke cikinta ta fitar da sautin, sau ɗaya tak.

Hausawan Abijan sun san wannan al'amari daga ciki. Abincin da ya fi shahara a titunan Adjamé da Treichville shi ne garba, wato attiéké, tsakin rogo da ake turarawa, tare da soyayyen kifin tuna, kuma 'yan Nijar ne suka yi fice wajen sayar da shi. Wasu na danganta sunan ga masu sayarwar, wasu ga Dicoh Garba, ministan da ya riƙe harkar dabbobi da kamun kifi a shekarun 1970. Ko wanne aka ɗauka, laƙabin Abubakar ne ya koma kan kwano. Mai sayarwar shi kuma garbatigui ake ce masa, wato mai garba da yaren Jula, maƙwabcinsa mai shayi da burodi kuwa aboki, ko sunan yankansa Isufu ne ko Mahamadu.